Wata Goma Sha Ɗaya Ina Juya Madubai

Ni ne mai kula da na'urori a wani ɗakin gwaji na jami'a, ƙarƙashin wani daktan kimiyyar fiziks ɗan Sudan mai fama da ciwon baya. Burinsa mu kama ƙwayoyin zarra a cikin wata kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska. Hasken leza, da madubai ke karkatowa, zai riƙa dukansu ta fuska shida har gudunsu ya ragu, raguwar gudun kuwa ita ce sanyinsu. Sai naɗin waya biyu su ba da maganaɗisun da zai tara su a tsakiya. A kan allo abin ba wuya.

Amma a Makka muke. Da azahar in mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya yi rauni, ɗakin ya ɗumama, lezar ta kauce. In ana fasa dutse a bayan ginin, teburin da madubai suke kai ya girgiza, aikin sati ya lalace. Kullum in taso daga unguwar Zahir, in kutsa cikin motocin masu umara, in tarar abin da na daidaita jiya ya goce. Sai in sake kama madubi na farko.

Mahaifiyata ta taɓa tambayata, tana zuba mini shayi: "Wai me kuke sanyayawa ne haka, ko ƙanƙara ba ka taɓa kawo mana ba?"

Na ce, "Abu ne da ido ba ya gani, Umma."

Ta ce, "To Allah Ya nuna muku shi."

Wata Talata bayan la'asar, wani ɗigo fari ya bayyana a allon kyamara, bai kai ƙwayar gero ba. Na kira Dakta. Ya ce in kashe maganaɗisun. Ɗigon ya ɓace. Ya ce in kunna. Ya dawo.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ƙwayoyin ne."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da bango. Na daɗe ina zaton ranar zan yi ihu. Idanuna kawai na ji suna zafi, wuyana ya sage.

Bayan aikin Hajji kwangilarsa ta ƙare, ya koma gida. Aka lulluɓe teburin da leda, aka mai da ni ɗakin gwajin ɗaliban shekarar farko, inda nake gyara wayoyin da suka ƙona. Makullin tsohon ɗakin yana hannuna har yanzu. Ba wanda ya tambaye ni shi.