Kifin Da Ke Yin Ƙaho

Ɗantani wanzami ne a Madabo, sana'ar gidansu ce. Ni ɗinki nake a zauren da ke kallon nasa, shi ke yi mini aski tun ina saurayi, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko irin ta hira.

Lokacin yaƙin Turawa soja suka ɗauke shi yana yi musu aski, aka yi ta yawo da shi a jirgin ruwa. Waɗanda suka dawo, kowa da labarin bindiga da daji. Shi kuwa bawan Allah, labarin kifi ya kawo mana.

Ya ce a wata tasha mai sanyi a bakin teku masunta suka jawo babban kifi, ga wani abu dogo kamar maciji manne a jikinsa. Da aka ɓamɓare shi sai ga tabo zagaye, jini na zuba.

"Wallahi ƙaho ne," in ji shi. "Irin nawa sak."

Ya ɗauki abin ya yi ta juyawa. Ba shi da muƙamuƙi sam. Bakin zagaye yake, haƙora jere a ciki layi-layi, har a kan harshe. Da bakin yake kamawa, da harshen yake tsaga, sannan ya zuƙa. Ba ƙaya a jikinsa sai guringuntsi. Ramuka bakwai a gefen wuya, ƙofar hanci ɗaya tal a tsakiyar ka. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne jinin bai daskare ba. Shi da ya san yadda jini ke yin guda a cikin ƙaho, ya ce lalle akwai wani abu a yawun kifin nan.

To, mutanen garinmu sai Allah. Ka ce musu an ga aljani da rawani a gindin Dala, su ce ikon Allah. Amma kifi marar muƙamuƙi, a nan hankalinsu ya dawo! Lawal mai busasshen kifi ya ce, "Haba Malam Ɗantani, to da me yake kama ƙugiya?" Aka fashe da dariya.

Shi kuma maimakon ya yi shiru, sai ya ƙaro na biyu. Wai akwai ɗan uwan kifin, makaho, mai shiga cikin mushe ya ci daga ciki. In aka sa shi a bokiti sai ya cika ruwan da yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma yana ƙulle jikinsa ya zame. Na ja shi gefe na ce don Allah ya bar wannan, na farkon ma bai shigu ba. Ya ce, "Salihu, da idona fa na gani." Haka muka yi shekaru, ni ina jin haushinsu, ina jin haushinsa.

Wajen 1954 maƙwabcinmu Shehu ya rasu. Yana ciwon ajali, Ɗantani na yi masa ƙaho, Shehun ya ce ya ba matarsa 'Yardada sashen bayan gida kyauta, tuni ma ta tare a ciki. Wani dattijo Isyaku yana wurin. Bayan sadakar arba'in ƙanen mamacin, Gambo, ya ce bai san zancen ba, lalle sai ta fita. Ba ta da inda za ta. Aka tafi gaban alƙali, ana bukatar shaidu biyu.

Shaidar Isyaku ta wuce lafiya. Da aka zo kan Ɗantani, alƙali ya tambayi Gambo, kamar yadda aka saba, ko yana da suka a kan wannan shaida.

"Allah ya gafarta Malam, duk unguwa an san shi. Mutumin da ke rantsuwa kifi na yin wanzanci, ina za a kama maganarsa?"

Har masu gadin ƙofa sai da suka murmusa. Ni kuwa raina ya ɓaci, kamar in tashi in shaƙe Gambo.

Alƙalin mutum ne mai sauƙi, so yake ya buɗe masa hanya. Ya ce, "Malam Ɗantani, raha ba ta ɓata shaida. In raha kake yi ka faɗa, mu karɓa. In kuwa da gaske kake, sai a nemo wani."

Wani kuwa babu. Ɗantani ya dubi inda 'Yardada ke durƙushe, ya juyo ga alƙali.

"Raha ce, Allah ya gafarta Malam. Ban ga komai ba."

Aka karɓi shaidarsa, sashe ya tabbata nata. A waje mutane sai miƙa masa hannu suke. Lawal har da cewa, "Yauwa, ai dama mun san kai mutumin kirki ne." Na yi tsaki na wuce.

Ran Juma'a na zauna gabansa ya jiƙa mini kai. Na ce a hankali, "Ni dai na yarda ka gan shi."

"Kada ka yarda, Salihu. Na faɗa gaban alƙali ban gani ba."

Ya ɗora aska, ya yanke ni a bayan kunne, abin da bai taɓa yi ba.