Ƙafata da fasfon Ingila

Assalamu alaikum. Tun damina ba ku ji ɗuriyata ba. Ina raye, sai dai yatsun ƙafata yanzu tara ne.

Da ƙishirwa abin ya fara, in sha ruwa kamar raƙumi. Sannan ƙaya ta soke ni a Maijirgi, gyambo ya ƙi warkewa, har ya soma wari.

A asibitin Tasawa aka auna jini, aka ce suga ne. Likita ya duba ƙafar ya ce, "Hajiya, babban yatsan ga ya mutu. In mun jinkirta, ƙafar duka za ta tahi." Na ji tsoro ƙwarai. Allura safe da yamma, wankin gyambo kullum, kuɗin magani ya cinye tumakina.

Amma ba wari ne ya fi tayar mini da zuciya ba.

Ɗana Sanusi yana aiki a Ingila, yana neman zama ɗan ƙasar. Ya ci jarrabawar Turanci, ya ci ta tarihinsu. Saura sharaɗi guda: kada ya daɗe a wajen ƙasar, kuma ya riga ya cinye kwanakinsa wurin rasuwar babansa. In ya sake fita, sai ya ƙara jira.

Sai ƙanena Idi ya kafa doka: ba mai gaya masa. In Sanusi ya kira ta bidiyo, a zare mini ƙarin ruwa, a ɗaura mini kallabi, a shafa mini kwalli, a rufe ƙafar da zane. Ina ruɓewa ana yi mini kwalliya. Idi yana gefe yana cewa, "Yaya, ki yi dariya, kar ki ɓata mishi takarda."

Na ji ƙyamar abin har cikin raina. Shekarar samun 'yanci aka haife ni, kuma na tashi ina jin yadda babanmu ya bar jakunansa da buhunan gyaɗa a kasuwar Katsina, ana tsakar ciniki, don an ce uwarsa ba lafiya. Ba wanda ya ɓoye masa.

Ana gobe tiyata Sanusi ya kira. Na yaye zanen na juya masa wayar.

Ya ce, "Inna, tun yaushe?"

Bai iske tiyatar ba, amma ya zo. Shi ya riƙa wanke gyambon har ya rufe, a kafaɗarsa na koyi takawa. Fasfon ya ja baya. Idi har yau bai daina tsaki ba.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya yi mini addu'a.

Ku auna suga. Ciwon ƙafa ya ƙi warkewa, ku tafi asibiti. Kuma in uwar mutum ta kwanta, ku gaya masa gaskiya ya zaɓa da kansa. Kada don fasfo a yi wa mara lafiya kwalli.