Bokitin da Malam Sani Ya Binne

Har gobe ban manta da wata Alhamis da na hau bayan acaɓa da fararen kayan aikina na nufi maƙabarta ba. Sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ba, ina sista mai kula da ɗakin mata masu jinyar tiyata a wani asibiti da ke nan ƙetaren kogi. Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ce kawai a samana.

An kwantar mana da wata mata mai suna Hajara, tela ce, mijinta Malam Sani yana aiki a wata masana'anta a Kudenda. Ta ji ɗan ƙullutu a nononta na hagu, Allah ya taimake ta ba ta tsaya shafe-shafe ba, ta zo da wuri. Sankarar mama ce, amma ba ta yi nisa ba. Ranar Litinin Dakta ya cire nonon, ya haɗa da kaluluwar hammata.

Ga yadda tsarin yake. Abin da aka cire ba a zubar da shi. Ana sa shi a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, a kai ɗakin gwaji a Zariya. Can za su duba girman ciwon da irinsa, da ko ya taɓa kaluluwa. Da wannan sakamakon likita ke yanke ko za a yi kemo, wato ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, ko gashin na'ura, wato ƙona wurin ciwon da haske, ko kuwa ƙwaya kaɗai ta isa. Ba mu da motar kai samfur a lokacin, dangi ake ba su kai. Mazubi ma babu, bokitin kastad muke wankewa.

Hajara kuwa ba abin da take tsoro kamar kemo. Ta yi jinyar yayarta a kansa, ta ga komai da idonta. Kullum na zo wanke ciwo sai ta riƙe min hannu ta ce, "Sista Rifkatu, don Allah in akwai hanya, kar a sa min ruwan nan." Ni kuma in ce mata Zariya ce za ta faɗa.

Ni da hannuna na miƙa wa Malam Sani bokitin da takarda. Ina sauri, wata mara lafiya tana kirana, na ce, "Malam, ga shi, a kai Zariya." Iyakar bayanina ke nan, kuma laifina ne.

Ranar Alhamis sai ga shi yana raɓe-raɓe a bakin ƙofa, hula a hannu. Ya ce ya je Zariya sun koro shi, wai ina samfur.

Na ce, "To ina bokitin?"

Ya ce, "Ai mun yi masa sutura, Sista."

Wayyo Allah! Ashe da ya kai bokitin gida, yayansa ya ce sashen jikin ɗan Adam ba abin yawo da shi a motar haya ba ne, binnewa ake yi. Shi kuma ya ɗauka Dakta ya rubuta komai a takarda, ita ce za a duba. Suka kai bokitin maƙabarta, washegari ya kama hanyar Zariya da takarda tsura.

Na ruga wajen Dakta. Ya cire tabarau ya ce, "Sista, ba zan yi caca da ranta ba. In babu sakamako, dole in ɗauka ciwon mai tsanani ne, in ba ta kemo cikakke." Sai ya tambayi abu ɗaya: an buɗe murfin? In fomalin bai zube ba, naman bai lalace ba.

Na dawo na tsare Malam Sani. "Tsakaninka da Allah, kun buɗe?"

Ya ce ya ɗan ɗaga, warin ya sa shi hawaye, ya mayar ya danne. Suka naɗe bokitin gaba ɗaya da farin ƙyalle.

Na buga tsalle na ce, "Tashi mu je!" Metiron tana kirana, "Rifkatu, ina za ki da yunifom?" Na ce, "Ma, zan tono aikina!" Ta riƙe baki, amma ta karɓi makullin ɗakin magani ta ce in yi sauri.

Mai gadin maƙabarta ya ce faufau, ba a tona abin da aka binne sai da izinin liman. Muka sami liman a ƙofar gidansa, dattijo mai sanyin magana. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga tushe, irin bayanin da ya kamata in yi tun ranar Litinin. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi Malam Sani ya ce, "Mai rai ce a gaba. Ɗauko shebur."

Ni mace, kuma Kirista, na tsaya a bakin ƙofar maƙabarta ina leƙe ta saman katanga. Addu'a nake da yarenmu, su suna yi da Larabci. Can sai na hango Malam Sani ya ɗago ƙunshin, ƙyallen ya yi jajir da ƙasa. Ya kawo min, na warware, na jijjiga a kunnena. Ruwa ya amsa, ko ɗigo bai zube ba! Na yi guɗa a bakin maƙabarta, sai da mai gadi ya harare ni.

Washegari ni da kaina na rungumi bokitin har Zariya.

Bayan 'yan makonni sakamako ya zo. Dakta ya karanta sau biyu, ya sa aka kira Hajara da mijinta. Ya ce ciwon ƙarami ne, bai taɓa kaluluwa ba, kuma irin wanda ke jin ƙwaya ne. A nata yanayin babu kemo, babu gashin na'ura. Za ta sha ƙwaya na shekaru, ta riƙa zuwa ana duba ta ba fashi. Ya ja musu kunne cewa wannan nata ne ita kaɗai, kada su je suna hana wata kemo.

Hajara ta faɗa jikina tana kuka tana dariya, har ta ture min hula. Ni ma na yi kukana, ban ji kunyar kowa ba.

Da za su fita Malam Sani ya tsaya, ya ce a hankali, "Sista, in sun gama da shi a can, ba za a iya dawo min da ragowar ba? Jikin matata ne."

Duk kwanakin nan kallon marar lissafi nake yi masa, alhali mutumin mutunta matarsa yake yi. Na roƙi mutanen Zariya, suka ba ni ragowar, ya kai ya binne da hannunsa.

Shi ya sa ku ƙananan ma'aikata kuke ganin ina ɓata lokaci a kan kowane samfur. Ina zaunar da dangi, in faɗa musu abin da ke ciki, da dalilin kai shi, in kuma yi musu alkawarin neman ragowar in suna so. Mu a wajenmu samfur ne mai lamba a jiki. Wanda ka miƙa wa kuwa matarsa ka miƙa masa.