Malam Saley Mai Shinshino Yoyo

Kullum idan an sallame asuba, Malam Saley kafinta ba ya komawa gida kai tsaye kamar sauran maza. Sai ya tsaya wajen mai koko ta bakin masallaci ya sha a tsaye, sannan ya bi layin Zongo a hankali, hannu a baya, kai a sama. Ba mutane yake kallo ba, rufin gidajensu yake kallo. Sau nawa ina gaishe shi yana amsa mini, idonsa na kan indararona. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana wannan zagaye a Parakou. Bana 'ya'yansa sun ɗauke tsaninsa sun ɓoye, sun ce gwiwa ta gaji, hawa ya ƙare. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana da kunnen ji, don mu sai mutum ya kwanta dama muke tuna yana da kirki.

Abin da ya fara ɗaure mini kai da shi, ana kiransa duba rufi amma ba da rufi yake farawa ba. Wasu kafintocin da sun iso sai su jingina tsani, su hau, su tattake kwanon, su ƙara masa huda biyu, su sauko suna share gumi. Shi kuwa sai ya nemi izinin maigida ya yi magana da wadda take share ɗakin. Tambayoyinsa ma kamar na mai neman aure. A wace kusurwa kike samun jan gari kamar barkono idan kin yi shara? Ashanarki tana kamawa da kyastawa ɗaya? Gishirinki ya dunƙule? Zanen da ke ƙasan akwati yana warin rima? Ya ce jan garin nan tsatsar ƙusa ce ke zubowa, kuma ɗaki yakan yi wata biyu yana ba da labari kafin ɗigo na farko ya faɗo, sai dai maza ba sa gida lokacin da yake bayarwa.

Sannan ga abin da ya fi ba mu aikin baki. Idan rana ta take, sai ya ce kowa ya fita, ya rufe ƙofa da taga, ya zauna shi kaɗai a ɗakin mutane. Zoulaïha mai ƙosai ta rantse mutanen ɓoye ke gaya masa inda hudar take. Ni kuwa na ce barci kawai yake yi a gadon jama'a, kuma na yaɗa hakan sosai, Allah Ya yafe mini.

Da layi ya zo kaina na ƙi fita. Na ce masa ɗakina ne, kuma ni da shi mun wuce shekarun da za a yi mana zance. Ya yi dariya ya ce in zauna in yi shiru, idan zan iya. Muka zauna cikin duhu. Can sai na fara ganin wasu 'yan ɗigo-ɗigon haske a kwano, ƙanana kamar kan allura. Na ƙirga bakwai, a rufin da nake cika baki ba ya yoyo.

"Yaya Zinariya," in ji shi, "duk inda rana ta samu ta shigo, ruwa ma ya san hanyar."

Ya taka kujera ya zura tsinken tsintsiya a kowace huda, don idan ya hau sama ya gan su a tsaye. Ashe aljanun ke nan. Ya kuma gaya mini ruwa maƙaryaci ne: ya shiga ta gabas, ya bi katako, ya je yamma ya ɗiga, kai kuma ka je kana liƙe yamma.

To, ga abin da na gani da idona bara, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ina da ƙanwa, Mairamu, tana zaune a Bariénou ta wajen Djougou. Ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ɗanta Illiyasu mahauci ne, yaro mai son uwarsa. Ya gina mata ɗaki sabo fil, kwano sabo, ya buga plafon, wato silin na katako, a ƙarƙashinsa, ya shafe da farin fenti. Shekara uku ke nan da ginin. Bayan Layya na je duba ta. Ina zaune bakin gado sai na ga wani tabo a plafon, daidai saman matashinta, kamar an zubar da shayi ya bushe. Ta ce Illiyasu ya shafe shi da fenti sau biyu yana dawowa. Na ɗauki ashanarta zan kunna turare, sai da na karya tsinke huɗu. Ga kiyashi sun ja layi suna hawa bango.

Na yi wa Illiyasu magana. Ya ce, Inna, kwanon da bai wuce shekara uku ba, tsufa ne ya fara sa ki gane-gane. Na zaga bayan ɗaki na buga wa Malam Saley waya.

Washegari ya shigo motar Parakou, ya hau zem, babur ɗin haya, daga tasha, ya sauka yana dafa gwiwa. Illiyasu bai ji daɗi ba. Abokansa mahauta har sun fara tsokanarsa wai an yi masa odar hanci tun daga Parakou.

Na zaci zai rufe ƙofa ya nemi haske, sai na tuna plafon ya tare komai. Ya gaishe da Mairamu, ya tsaya yana jan numfashi, sannan ya sa sandarsa ya danna wajen tabon. Katakon ya lotsa kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ya fita. Ni kuma ina biye da shi, don ba na son a ba ni labari. Ya zaga ɗakin yana kallon ƙasa. Ta gefe uku ciyawa ta fito inda ruwan rufi ke sauka, ta gefe ɗaya kuwa ƙasa ƙwal, ko tsiro babu. Ya miƙa hannu ya kankaro wani farin abu a bakin kwanon, ya ɗora a harshe. Na ce a raina yau kam Zoulaïha ta yi gaskiya.

"Illiyasu," ya ce, "a ina kake shanya fatun Layya?"

Ashe duk Layya shi ke tattara fatun ragunan unguwa, ya barbaɗe su da gishiri, ya shimfiɗa su a kan ɗakin uwarsa, don shi ne rufi mafi tsafta kuma kare ba ya kaiwa. Layya uku a jere, kuma duk cikin damina suka faɗo. Ruwa ya wanke gishirin ya bi kwarin kwano, ya cinye gindin kowace ƙusa, ya riƙa taruwa a kan plafon shiru.

Malam Saley ya ce a fitar da Mairamu daga ɗakin kafin azahar. Illiyasu ya roƙa a bari sai bayan ranar kasuwa. Ita kanta Mairamu ta kafe, ta ce ba ta barin ɗakin da ɗanta ya gina mata, a bar ta da tabonta. Ni har na buɗe baki zan fara zazzaga musu, sai na ga tsohon nan ya lanƙwasa gwiwar da ke yi masa ciwo, ya zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Hajiya, ɗanki ya yi miki ɗaki na kirki," ya ce. "Aro nake nema. Ki ba ni shi kwana biyu, in mayar miki."

Ta dube shi, ta dube ɗanta, ta ce to, tunda aro ne. Aka ɗauke ta da katifarta zuwa ɗakin matar Illiyasu. Sannan ya sa aka janye gadon, aka ajiye babban baho, ya zura ƙarfe ya ɓanɓare katako ɗaya. Wani baƙin ruwa ya kwararo har ya kusa cika bahon. Sandar da ke riƙe da plafon ɗin kuwa ta biyo ruwan, rabinta ya ruɓe, ta faɗi daidai inda kan ƙanwata yake kwanciya.

Illiyasu ya zauna daɓas a ƙasa. Na jira in ji an ce masa ai ga irinta nan. Malam Saley sai ya dafa kafaɗarsa ya ce ba laifinsa ba ne, babu wanda ya taɓa gaya masa gishiri da kwano ba sa ga maciji. Ya kwana biyu a garin, yana zaune a inuwa yana nuna wa kafintan unguwa inda zai canja. Ranar komawa ya ja ni gefe ya roƙe ni kada in kai zancen nan Zongo. Na riƙe shi shekara guda cur, wanda ban taɓa yi wa wani zance ba. Kafin in rubuta na nemi izinin Illiyasu, ya ce in rubuta, ai ko ya hana ya san inda za a ƙare.

Malam Saley, kai ne ka ɗauki mai tsintsiya a matsayin mai sani, a garin da ba a tambayarta komai sai abinci. Kai ne ka ceci ƙanwata ba ka kunyata ɗanta ba, kuma na biyun ya fi na farkon wuya. Na gode, Mairamu ta gode, tana ɗakinta har yau tana yi maka addu'a. Allah Ya sanyaya maka gwiwa, Ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma kafintocin yanzu, mutumin nan yana nan a ƙofar gidansa, bakinsa bai gaji ba. Ku je ku zauna ku tambaye shi tun ana samunsa. Mata, idan ɗaki ya fara ba ku labari, ku faɗa, ku sake faɗa, ko an ce tsufa ne.

Saura masu fata. Layyar bana ta wuce da mako biyu, kuma jiya daga kan zem na hango fatu shimfiɗe a kan kwano, gida uku a unguwar Banikanni. Na san masu gidajen, na san iyayensu. Na ba su zuwa Juma'a su sauke.