Ƙararrawar da Ban Ji Ba

A shagona na gyaran rediyo a unguwar Poumpoumré na haɗa 'yar amfulifaya mai ƙara sauti ta kask, abin sauraron da ake ɗorawa a kunne. Sati uku ina cire aisi ɗaya, ɗan guntun da ke sarrafa sautin, ina dasa wani cikin zafin Garwa, ina kunna waƙa guda don in ji wanda ya fi. Duk ɗaya nake jin su, har na gaji na fara zagin ɗan kasuwar da ya kawo su daga Kano. Matata ta saurara sau ɗaya, ta ce a aisi na biyu ƙararrawa ta fi fitowa. Ni ban ma san akwai ƙararrawa a waƙar ba. Ashe shekara ashirin injin niƙan maƙwabcina yana cinye mini kunne.