Kawu Sahabi Mai Hoto da Baturan Kasuwar Janbako

Ina tankaɗen garin dawa da hantsi ƙanwata ta kira ni daga asibiti. Ta ce, “Yaya, Kawu Sahabi ya cika.” Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ajiye wayar, na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, sannan na ɗauki hijabi na fita. Har yau hawaye bai zo mini ba.

Kawu Sahabi ƙanen mahaifiyata ne, mai hoto ne a Talata Mafara. Yana da ɗan shago mai rufin kwano da kyamara guda ɗaya, da ita yake zuwa Bakura da Maradun ɗaukar biki da suna da saukar Alƙur’ani. Da mijina ya rasu, shi ya zo ya ce da ni namiji ba ya shiga taron mata, ni kuwa ina shiga, sai in koyi aikin. Na ce masa iyakata firamare. Ya ce kyamara ba ta tambayar takarda.

Na ɗauka da latsa maɓalli za mu fara, sai ya fara mini da batir. Kyamararsa tana cin ƙananan batura huɗu, shi kuma masu caji kaɗai yake saye. Zai ɗora batir a tafin hannu ya auna, in ya ji shi sakayau ya mayar wa mai kaya, komai girman lambar da aka rubuta a jikinsa. Waɗanda ya saya tare yakan ɗiga musu jan farce iri ɗaya don kada su cakuɗe da wasu. Yakan ce, “Kada ki haɗa tsoho da sabo. Tsohon ba ya samun ƙarfi, sabon ne ke gajiya.” Ya hana ni nuna wa mata kowane hoto a allon kyamara, domin a wajen kallon nan caji ke tafiya. Ya hana ni barin batir a rana. In an dawo gida kuma, kafin a sha ruwa sai an cire su.

Wata rana a wani suna a Jangebe caji ya ƙare masa ana tsakiyar ɗauka. Akwai masu hoton da za su ci gaba da ɗaga kyamara kamar suna aiki, daga baya su ce hoton ya lalace. Shi ya sauke tasa ya gaya wa mai gida gaskiya. Washegari ya sake hawa babur ya koma ya ɗauki jaririn da kakarsa. Da na ce wahalar ta yi yawa, cewa ya yi, “Tsohuwar ta sa kayanta na sallah saboda ni.”

Ranar da ciwon ya kama shi ya kira ni daga Janbako. Ya ce kwanaki ba wuta, baturansa masu caji duk sun mutu, dole ta sa ya sayi irin na tocila a kasuwa don ya ƙarasa aiki. Ya ce in tuna masa ya cire su da ya dawo, domin irinsu in sun ƙare suka ji zafi yoyo suke yi, su cinye cikin kyamara. Yana isowa ya ajiye jaka a shago, jiri ya kwashe shi. Daga nan sai asibiti.

Bayan an kai shi makwancinsa, yayansa Kawu Bala ya sa wa shagon kwaɗo, kamar yadda ake yi. Kayan mamaci ba a taɓa ko allura sai ranar rabon gado. Ga shi bazara ce, rufin kwano, kuma kyamarar nan ita ce babban abin da ya bar wa ’ya’yansa. Ina zaune cikin mata ana ta zuwa gaisuwa, ana cewa ya haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma’aiki, amma babu komai a kaina sai baturan nan.

Da aka yi addu’ar bakwai na gaya wa matarsa, Inna Kulu, a ɗakin takaba. Ta ce in je in faɗa wa Kawu Bala da bakina. Na same shi a zaure, na durƙusa muka gaisa, na yi bayani. Sai ya ce:

“Ke Hajaru, mutum ya mutu kina zancen batir?”

“Kawu, shi ya ce in tuna mishi.”

“To kayan marayu ne. In na buɗe yau, gobe mi za a ce na ɗauka?”

Ban ga laifinsa ba, tsoron Allah ne da tsoron bakin mutane. Na ce masa in aka jira ranar rabo, ƙila jaka kawai za a raba. Sai ya aika aka kira limamin unguwa. Liman ya saurara, ya ce tsare dukiyar maraya daban, cinta daban, a buɗe a gaban shaidu.

Shagon kamar tanderu. Na buɗe murfin kyamara a gabansu. Ɗaya daga cikin baturan ya fara fitar da farin gari kamar kanwa, har ya hau ƙarfen da yake taɓawa. Na cire su, na naɗa auduga a tsinken ashana na goge ƙarfen a hankali. Na ɗauko baturansa masu ɗigon jan farce a jakar na kai wajen mai cajin waya, muka zauna jira. Da suka cika na saka su na latsa. Ta yi shiru, can sai ta kawo haske. Kawu Bala ya ce alhamdu lillahi, ya juya fuskarsa bango.

Rubutu ya fito a allon, tana neman a saka mata kwanan wata. Na tsaya riƙe da ita, na rasa ko wace rana ce. Liman ne ya gaya mini. Na saka, na kashe ta, na cire baturan, aka mayar da kwaɗo.

Ya Allah Ka jiƙan Kawu Sahabi, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa gaskiyarsa ta bi shi. Ka ba Inna Kulu juriya, Ka raya yaransa, Ka tsare musu ɗan abin da ya bari. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.