Besin ɗin da Malam Ishiyaku Ya Ƙi Liƙawa

Da an idar da sallar asuba, Malam Ishiyaku mai aikin famfo zai ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan tsohon babur ɗinsa ya bar Rano. Yau Durba, gobe Fassi, jibi cikin garin Kibiya, tef ɗin awo a aljihun gaba, fensir a bayan kunne. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Bana gwiwa ta gaji, ya ce bayan babbar sallah zai ajiye aiki. Wallahi raina a ɓace yake, don zai tafi da sunan da aka laƙaba masa: wai tsohon da bai iya aikin zamani ba.

A gidanmu aka ƙago wannan ƙaryar. Ƙanena Khalid ne ya gyara wa mahaifinmu, Alhaji Mika'ilu, banɗaki a Kibiya. Ya sayo besin ɗin wanke hannu daga Kano, irin wanda ake maƙalawa ta ƙarƙashin dutsen mabul, bakinsa a ɓoye. Da aka kira Malam Ishiyaku ya kafa shi, sai ya juya shi, ya auna faɗi da zurfi, ya auna ramin da aka yanka a dutsen. Ramin ya yi girma, leɓen da zai kama dutse bai kai rabin inci ba.

Ya ce, "Wa zai riƙa shiga nan?"

Khalid ya ce, "Baba."

"Alhaji a tsaye yake alwala tun da bayansa ya fara ciwo. Ƙafa zai ɗaga ya sa a ciki. Wanda ya ƙera abin nan wanke hannu ya sani, bai san alwala ba. Ka canjo mai faɗin leɓe in sa masa ƙarfe ya tallafe shi ta ƙasa, ko in kafa wa Alhaji famfo ƙasa-ƙasa. Gam kaɗai ba zai riƙe ƙafar mutum ba."

"Malam, kai dai liƙa kawai."

"Ba da hannuna ba."

To, laifinsa ke nan fa! Khalid ya sallame shi, ya ɗauko masu aiki daga birni, suka shafa gam suka danna, kafin azahar sun yi gaba. Da yamma Khalid ya zauna a majalisar ƙofar gida yana kwaikwayon muryar dattijon, ana ta shewa. Magana ta zaga, har wani a Fammar ya fasa ba shi aiki. Haba jama'a! Ku je Fassi ku tambayi Hajiya Saude: besin ɗin da ya kafa mata ya shekara goma sha biyu, jikoki na lilo a jikinsa, ko gezau.

Sati uku aka yi. Baba ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora, besin ya ɓalle ya tarwatse, tangaran ya tsarge masa ƙwauri. Ɗinki tara. Ni na ɗago shi daga cikin ruwa da jini, dattijo mai shekara saba'in da takwas, yana jin kunyar in kalle shi.

Malam Ishiyaku, washegari sai ga ka, ba wanda ya aika maka. Ka yi wa Baba sannu, ka durƙusa da wannan gwiwar taka ka kwashe tangaran, ka kafa famfon da ka faɗa tun farko. Ko "ai na gaya muku" ba ka ce ba. Kai ne na Rano mai tef, da ke tambayar wanda zai shiga banɗaki kafin ya taɓa siminti.

Khalid ya ba ka haƙuri a zaure, daga shi sai kai, murya ƙasa-ƙasa. Bai wadatar ba! A gaban mutum goma sha wani abu ya ɓata maka suna, kuma har yau ba wanda ya koma ya gaya musu gaskiya.

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya saka maka da alheri. Masu sana'a, ku koyi cewa a'a irin tasa, ko da za a kore ku. Masu gini kuma, in mai awo ya ce a dakata, ku dakata.

Saura guda, kuma ita ta fi ci mini rai. Ranar da ake kwaikwayon muryarka ina zaune a majalisar, ni ne babba a wurin, kuma na yi dariya. Ka yafe mini, Malam.